Kayan shayi a kwalba: sana'ar hunturu da salla

Sana'ata ita ce haɗa kayan shayi da na zoɓo, ina ɗurawa a ƙananan kwalabe domin masu son kai tsaraba ko yin kyauta. Kasuwar ta fi buɗewa sau biyu a shekara: a watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama kuma maƙwabtanmu Kirista suke shirin Kirsimeti, sai kuma goman ƙarshe na azumi, sa'ad da kowace uwargida take lissafin abin da za ta aika gidan surukai. Wata mai sayen kayana da ta zauna a Jamus ta faɗa mini cewa a can kirfa da kanumfari da ɓawon lemo suke zubawa a jar giyar inabi da ake ɗumamawa a kasuwannin Kirsimeti. Mu a nan zoɓo mai zafi ne yake karɓar wannan haɗi, kuma yana karɓarsa da kyau.

Rabin aikin a wurin saye yake ƙarewa. Da kaina nake shiga Kasuwar Kurmi, domin ba a aiken yaro sayen kanumfari. Ina danna ƙwara ɗaya da farce, idan maiƙo ya fito na san bai kwana biyu ba. Wanda aka riga aka tatse mansa kuwa fayau yake, kuma a kwance yake yawo idan aka jefa shi a ruwa. Kirfa iri biyu ce: ta Sri Lanka mai siraran ɓawo da ke marmashewa a hannu, da mai kauri wadda ta fi arha kuma ta fi ƙarfi. Ta farko nake sa wa shayi, ta biyu kuma zoɓo, saboda tsaminsa yana danne ƙamshi mai sanyi. Citta daga yankin Kachia take zuwa, shi ya sa da cuta ta faɗa wa gonakinta a kudancin Kaduna a 2023, tsadarta ta kai ni ga rage yawan kwalabe, domin ban yarda in rage ta a cikin haɗin ba.

Kanumfari shi ne mai son mulki. A cokali goma na citta ɗaya kawai nake sa masa, da ɗan masoro da kimba, in ba haka ba sai ya rufe kowa, mai sha ya ji harshensa ya yi nauyi. Ɓawon lemo a inuwa nake shanya shi bayan na kankare farin cikinsa, wanda shi ne yake kawo ɗaci.

Akwai shekarar da na kai kayan inji saboda sauri, ashe an gama niƙa barkono ba a share ba, kwano shida suka tashi a banza ana saura mako guda salla, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Tun daga nan turmi nake amfani da shi, ina ɓarzawa sama-sama, domin gari mai laushi yana dagula shayi kuma ƙamshinsa ba ya daɗewa. Ba na haɗawa da sukari, saboda yana jawo laima. A wuyan kowace kwalba ina ɗaura 'yar takarda: cokali ɗaya ga kofi huɗu, a bar shi minti goma a kan ƙaramar wuta, a rufe tukunya.