Lambar 96 ce ta ci min takardun A3 guda 24

PowerPoint na Windows ba ya tambayar ka girman hoton da kake so in za ka mayar da shafuka hotuna. Ka shiga Fichier, ka zaɓi Enregistrer sous, ka ɗauki PNG, ka danna Toutes les diapositives, sai ya zubo maka hotuna cikin jaka ɗaya, kana murna an gama. Abin da bai faɗa maka ba shi ne a kan ɗigo 96 cikin kowane inci yake fitar da su. Shafi mai faɗi na 16:9 yana fitowa 1280 da 720 kawai. A waya tsaf yake. A takarda kuwa, Allah Ya kiyaye.

Shafuka 24 ne na horo kan ajiye wake, za a kai ƙauyukan wajen Mirya inda babu wuta balle furojekta, shi ya sa aka ce a buga su a A3. Na zuba a kle (USB) na kai wani shagon bugu a Sabon Gari ba tare da na buɗe ko ɗaya ba. Da yamma yaron shagon ya miƙo min yana cewa, "Malam, hotunanka sun fashe fa." Rubutun ƙasa ya zama kamar tafiyar tururuwa. Kuma laifin ba nasa ba ne: tsawon A3 santimita 42 ne, in ka shimfiɗa ɗigo 1280 a kai, abin da ke kan kowane inci bai kai 80 ba. Takarda ta tafi, tawada ta tafi, kuɗin bugu sau biyu.

Gyaran yana cikin regedit, manhajar da ake gyara saitin cikin Windows da ita. A rufe PowerPoint tukuna, a bi HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Office\16.0\PowerPoint\Options (mai Office 2013 zai ga 15.0), a ƙirƙiri DWORD (gurbin rubuta lamba) mai suna ExportBitmapResolution, a ba shi 300, wato ɗigo 300 cikin kowane inci. Daga nan kowane shafi 4000 da 2250 zai fito. Amma a lura: akwatin rubuta lambar yana buɗewa a kan Hexadécimale, wani ƙirgen kwamfuta da ya saɓa wa namu na yau da kullum (Décimale). Ni na rubuta 300 ban mayar da shi Décimale ba, ashe 768 na ba shi. Hotuna suka fito 10240 da 5760, kwamfutar ta yi ta nishi, fankarta na kuka cikin zafin nan namu. Don waya kaɗai 150 ya isa. Wanda bai son taɓa regedit, ya fitar da PDF ya kai wa mai bugu, rubutu ba ya fashewa a ciki.

PNG na zaɓa saboda shafukan rubutu ne da zane. JPEG yana barin datti a gefen haruffa, sai dai in shafin hoto ne zalla. Shafi mai motsi kuma, duk abin da ke shigowa ɗaya bayan ɗaya zai taru a kan juna cikin hoto guda, dole a raba shi shafi-shafi kafin a fitar. A duba ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, domin in salon rubutun ba shi da su, wani salo ake aro musu, su fito daban a tsakiyar kalma, kuma da zarar ya zama hoto ba gyara.

WhatsApp ma yana matse hoto, don haka a matsayin Document nake tura su. Na sake musu suna 01, 02, 03, saboda wasu wayoyin suna sa Diapositive10 gaban Diapositive2.

Har yanzu 96 ɗin nan ne ke min ciwo, da yake danna dama a kan hoto ɗaya, a duba Propriétés sannan Détails, ya isa ya nuna min 1280 tun kafin in hau kabu-kabu. Takardun farko suna nan, ana naɗe ƙosai da su a gida.