Yadda muka karɓo motar ƙungiyarmu bayan an kama ta a bakin gada

A cikin garin Kaduna babu gadar da ake biyan kuɗi kafin a haye ta. Gadar Kawo da gadojin da ke kan kogi duk kyauta ake binsu. Shingayen karɓar kuɗi na manyan hanyoyin tarayya ma tun ƙarshen 2003 gwamnatin Obasanjo ta soke su, suna kawai ya rage, shi ya sa har gobe in ka ce wa direba "Tolget" a hanyar Abuja ya san inda zai sauke ka. Sai dai duk mai jan motar haya ya san bakin gada wurin tsayuwar masu tikitin harajin motocin haya ne, domin a nan hanya take matsewa, dole mota ta rage gudu, babu kuma ta inda za a zille.

Ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon juna a Rigasa. Muna da bas guda ɗaya, tsohuwar Hiace, wadda wani bawan Allah ya saya ya ba mu sadaka. Da ita muke kai marasa lafiya asibiti, da ita muke kai gawa maƙabarta, ba ma karɓar ko kwabo. An cire kujerun baya an shimfiɗa katifa, an rubuta sunan ƙungiya a jikinta. Amma daga hannun mai haya aka saye ta, don haka ta zo da lamba mai jan rubutu. A Najeriya jan rubutu na motar haya ne, shuɗi na motar gida, kore na gwamnati. Mai tikiti kuwa lamba yake kallo, ba ruwansa da abin da aka rubuta da fenti.

Ranar da abin ya faru, direbanmu, dattijo ne da kowa ke kira Baba, yana dawowa da wata mata daga wankin ƙoda. Masu tikiti suka tare shi a bakin gada suka ce ina tikitin yau. Ya ce wannan motar marasa lafiya ce, an ce masa ba ta biya. Suka ce wa ya ce? Ba shi da takarda. Aka tare wa matar adaidaita, ɗanta ya riƙo ta suna takawa a hankali, auduga da filasta na manne a hannunta. Mota kuma aka wuce da ita.

Da labari ya iso unguwa, matasa suka ce a tafi a yi gayya. Na roƙe su da su bari. Na san akwai dokar tarayya ta 1998 da ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, na kuma san jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin shiga hannu da hannu tun dokar harajinta ta 2016. Amma yaron da ke tsaye cikin rana an ɗora masa abin da zai kawo kafin yamma, ba shi da ikon yafe wa kowa, kuma duk kalmar da ka faɗa masa da zafi za ta koma cikin rahoto a matsayin hana jami'i aiki. Doka a gaban mai biro take da amfani.

Washegari na tafi ofishinsu da takardar koke shafi ɗaya. Ban zagi kowa a ciki ba. Na rubuta rana, da wuri, da lambar mota, da abin da muke nema: a sake ta, a janye tarar. Na haɗa da kwafin rajistar ƙungiya, takardun mota, lasisin Baba, hotunan cikin motar da katifarta, da littafin da muke rubuta duk fitar da ta yi. Wannan littafi shi ya fi komai yi mana aiki. Jami'in ya daɗe yana buɗa shi, yana bin layi da yatsa: haihuwa, hatsari, jana'iza, wankin ƙoda, babu shafin kuɗi ko ɗaya. Ya ɗago ya ce, "Malam, na yarda aikin lada kuke yi, amma a takarda motar haya ce." Na ce, "Ranka ya daɗe, to a nuna mana yadda za a gyara takardar."

Kafin in fito na nemi a buga mini hatimin karɓa a kan kwafina, da kwanan wata da sa hannu. Duk wanda zai kai koke kada ya fito ba tare da wannan ba, domin ranar da na koma wani mutum daban na tarar a kujerar, kuma hatimin ne ya sa aka lalubo fayil ɗinmu. A bakin ƙofa an sami wanda ya ja ni gefe ya ce in kawo wani abu a rufe magana yau. Na ƙi. Kuɗin marayu da zawarawa ne ake tarawa naira ɗari-ɗari, kuma abin da ba shi da rasit ba zan iya karanta shi a gaban taron ƙungiya ba. Ban da haka, da mun biya ta bayan fage, da mako mai zuwa an sake kama ta.

An janye tarar. Kuɗin kwanan mota a harabarsu kam sai da muka biya, ta banki, muka karɓi rasit. Har yanzu ina ganin bai dace ba, tunda an amince ba mu da laifi, amma akwai masu jiran motar. Muka sauya lamba zuwa ta gida, aka kuma ba mu wasiƙa mai ɗauke da lambar mota da lambar shasi. Ta asali tana hannuna, kwafi yana gaban Baba cikin leda.

Abin da ya sa nake ba da labarin nan shi ne, biyan kuɗin hanya yana dawowa. A 2021 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da sabon tsari wanda ya ɗauke wa kekuna, babura, adaidaita, motocin jakadu da na sojoji da sauran jami'an tsaro biya. A watan Fabrairun 2025 aka fara karɓa a hanyar Abuja zuwa Makurɗi ta Keffi da Akwanga da Lafiya. Hanyarmu ta Abuja zuwa Kano ana kan gyaranta, kuma marasa lafiyarmu da yawa asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ake tura su ta wannan hanya, wani sau biyu a mako. Motar ƙungiya irin tamu ba ta cikin waɗanda aka lissafa.

Shi ya sa muka fara zagaya masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin unguwanni, daga Tudun Wada zuwa Kakuri da Sabon Tasha, muna tattara lambobin motocin marasa lafiya da na ɗaukar gawa, muna kuma roƙon kowa ya buɗe littafin fita. So muke mu kai buƙatar a ɗauke wa irin waɗannan motoci biya, a rubuce, da sa hannun kowa, tun ba a kafa shingen karɓar kuɗi a hanyarmu ba.