Laraba: daƙiƙa uku

Yau na zauna a bayan aji, kan bencin yara, gwiwoyina na gogar tebur, ina kallon sabuwar malamar da aka ce in riƙa duba aikinta. Lissafi take koyarwa a aji huɗu. Ta shirya darasinta tsaf, muryarta na kai wa ƙarshen ɗaki, rubutunta a allo kuwa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

Ta rubuta 1/2 da 1/3, ta ce wanne ya fi girma? Kafin yaran su gama haɗiye tambayar, ta ba da amsa da kanta. Na fara ƙirgawa a gefen littafina. Tambaya goma sha ɗaya, bakwai ita ta amsa, huɗun da suka rage kuma yara biyun nan na gaba suka cafe.

Da aka fita tara na ba ta labarin Mary Budd Rowe, wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka da ta yi ta sauraron darussan da aka naɗa a kaset. A 1972 ta bayyana cewa yawancin malamai ba sa jira fiye da kamar daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya. Idan jiran ya kai daƙiƙa uku, amsoshi sukan ƙara tsawo, "ban sani ba" ta ragu, waɗanda ba a saba jin bakinsu ba su fara magana. Akwai kuma jira na biyu, bayan yaro ya amsa, wanda a ganina ya fi wuya, don bakin malami ƙaiƙayi yake yi ya ce "daidai" ko "a'a".

Sai na tambaye ta yadda ta ga darasin nata. Ban rufe baki ba na shiga jero mata gyare-gyare. Ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai.

"Malama, ki gafarce ni, amma ke ma ba ki kai ukun ba."

Kunya ta kama ni, dariya kuma ta ƙwace mini. Shekara nawa ina wannan aiki!

A ɗaya ajin ta gwada. Ta yi tambayar, ta tsaya, ina ganin yatsunta suna ƙirgawa a bayanta. Wani yaro ya ce sulusi ya fi rabi girma, ai uku ta fi biyu. Ba ta ce masa komai ba. Shirun ya yi nauyi, har ni sai da na gyara zama. Can wata yarinya daga kusurwa ta yagi takarda biyu, ta ninka ɗaya gida biyu, ɗayar gida uku, ta ɗaga su sama. Yaron ya zuba musu ido, ya ce, "Au, ashe in masu rabo sun yi yawa, kason kowa raguwa yake."

Darasin bai ƙare ba aka buga ƙararrawa, abin ya dame ta. Na ce ta ƙarasa gobe. Ita kuma ta roƙi ta zauna a bayan ajina ranar Juma'a da littafinta, ta ƙirga nawa. Na amince, amma gabana na ɗan faɗuwa.