Karatun da na yi a bakin titin Suk Arabi

Ni dai karatun ƙagaggun labarai ba a aji na koye shi ba, a bakin titi na koya, can wajen kasuwar Suk Arabi, lokacin da na baro garinmu Mai Wurno da ke Sudan na zo Khartum karatu, kuɗin da ake aiko min daga gida ko ful, wato dafaffen wake, da burodi ba ya kai ni ƙarshen wata. Wani kawuna ne ya haɗa ni da wani dattijo mai shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, aikina in kaɗe ƙura, in jera, in tsare kaya idan ya tafi salla.

Satina na biyu na tafka abin kunya. Wani Alhaji ya zo yana so ya saya wa 'yarsa 'yar sakandare littafi, ni kuma don a ce na sani sai na zaro masa Mausimul Hijra na Ɗayyib Salih, na ce ai Alhaji wannan shi ne abin alfaharin Sudan, alhali wallahi ko bangonsa ban taɓa buɗewa ba, suna kawai nake ji a bakin 'yan jami'a. Kwana uku sai ga shi ya dawo fuska a murtuke. Ashe ya leƙa ciki ya faɗa kan hirar tsofaffin nan da Bint Majzub, tsohuwar da ba ta tauna magana ko a gaban maza. Maigidana ya ba shi haƙuri ya mayar masa da kuɗinsa, bai ce min uffan ba sai da muka zauna shan jabana, wato gahawa, wajen mai shayi, sannan ya ce "yaro, abin da ba ka ɗanɗana ba kar ka yi tallarsa, ungo je ka karanta."

Dare biyu na gama shi. Littafin tun 1966 ya fito, kowa kuma maganar Mustafa Sa'id, tauraron labarin, da matan Landan yake yi, amma ni abin da ya kama ni ƙauyen ne, dabino da ƙarar injin ban ruwa da yadda kowa ya san sirrin kowa. Ɗayyib Salih, mutumin da aka haifa a ƙauyen Karmakol, ya je ya yi aiki a sashen Larabci na BBC, amma alƙalaminsa ya ƙi barin bakin kogi.

Daga nan fa sai na zama ɓeran shimfiɗa, duk abin da aka kawo sai ya kwana wurina kafin a sayar. Najib Mahfuz na bi littattafansa ukun nan na iyalin Si Sayyid, zaki a gida, a waje kuma sarkin shagali, kowa a unguwarsu ya san mai irin halin. Wurin da matarsa Amina ta saci jiki ta je ziyarar masallacin Husaini mota ta buge ta, da ta warke mijin ya kora ta gidan uwarta, sai da na ajiye littafin na sha iska. Amma gaskiya littafi na biyun ya ja ni da yawa, lambar yabon Nobel da ya samu a 1988 ba za ta hana ni faɗa ba.

Wanda ya fi wahalar da ni shi ne Garsiya Markez da littafinsa Shekara Ɗari na Kaɗaici. Kwafin farko da na samu fassarar ta yi tauri kamar ƙanzo, na kusa haƙura, maigida ya ce kafin ka duba sunan marubuci duba na mai fassara, ya nemo min ta Salih Almani, sai ga Larabci yana gudu kamar ruwa. Sunayen kuwa, Aureliyano kan Aureliyano, dole na yagi kwali na zana asalin gidan ina dubawa. Da na zo inda aka yi ruwa shekara huɗu da wata goma sha ɗaya da kwana biyu a Makondo, garin da ke cikin labarin, sai na yi dariya ni kaɗai, don muryar kakata na ji. Haka take ba mu labarin kakanninmu da suka taso bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903 a ƙafa za su Makka suka yada zango a bakin kogin Nilu, da aljanin da ya tare rijiya da sunan wanda ya mutu a hanya duk da murya ɗaya take faɗa, fuska ko motsi. Mu kuwa da muna yara gani muke ruɗun tsufa ne. Daga baya na ji shi ma Markez ɗin ya ce salon kakarsa ya ɗauka.

Hutun da ya biyo baya na je gida da littafin rubutu na ce Kaka a maimaita min daga farko, ta kalle ni ta ce yau kuma wace rana, ɗan boko zai saurari tsohuwa.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 jaka ɗaya na fita da ita, littafin rubutun nan na ciki, sauran katan biyu na bari a ɗaki har da kwalin Aureliyano. Lambar maigida har yau ina gwadawa lokaci lokaci, ba ta shiga.