Kifi ɗaya a hunturun Alaska

Mutanen gidanmu a Yauri Sarkawa ne, don haka da wani abokin aikina a Anchorage, babban birni a jihar Alaska ta Amurka, ya ce in raka shi su a watan Janairu, ban tsaya tambaya ba. Ruwa ai namu ne, in ji ni a raina.

Mun bar Anchorage da yammacin Juma'a, muka nufi Homer, tafiyar kilomita 350 da ɗoriya. Duhu ya rufe mu tun muna bakin Turnagain Arm, saboda haka abin da na gani a hanya bai wuce dusar ƙanƙara da fitilun motoci ba. A Soldotna muka sha mai. Nan ya nuna min gadar kogin Kenai, ya ce a cikinsa ne wani mai suna Les Anderson ya kama kifin salmon mai kilo 44 a 1985, kuma har yau ba a kama wanda ya fi shi da ƙugiya ba. Na ce giwan ruwan Argungu ya fi haka. Bai yarda ba, ni ma ban matsa ba.

Tashar jiragen Homer tana can ƙarshen wani siririn harshen ƙasa da ya kutsa cikin tekun Kachemak har kilomita 7. Jirgin abokina na alminiyam ne, bai fi ƙaramar bas tsawo ba, da ɗan ɗaki mai gilashi da injin ɗumama wuri. Sai da muka fasa ƙanƙarar da ta daskare a kan igiyoyi kafin mu kwance shi. Kafin nan na riga na sayi lasisin su da wata ƙarin takarda ta musamman don irin salmon ɗin da muka zo nema, wanda suke kira king, wato sarki. Na yi asuba a natse, na sha shayi, na sake shan wani, gari bai waye ba. Rana ba ta leƙo ba sai wajen ƙarfe 10.

Sun nasu ba irin namu ba ne. Babu taru, babu koma, babu wanda ke shiga ruwa, don wanda ya faɗa ruwan nan da kyar hannunsa zai iya riƙe igiya bayan 'yan mintoci. Akwai wata dunƙulen dalma mai girman lemon taba da ake saukarwa da waya daga wani ƙarfe a gefen jirgi. Ita ke jan zaren ƙugiya zuwa zurfin da ake so, mu mita 15 zuwa 20 muka sa. A jikin ƙugiyar an soke ɗan kifi, an ɗan tanƙwara shi don ya riƙa juyawa kamar mai rauni, gabansa kuma wani faranti mai ƙyalli yana wulwulawa. Daga nan sai tafiya a hankali, kamar tafiyar mai kora shanu, ana kallon kan sandar.

Awa uku muna kai da kawowa a gindin tsaunin Bluff Point. Can tsallaken ruwa ga Iliamna da Redoubt, duwatsu masu aman wuta, fari fat. Kyau kam akwai, amma ni a lokacin cikina ke juyawa. Kogin Neja ba ya ɗaga mutum ya sauke shi haka. Ɗan Sarkawa ya rungume bokiti ya yi amai sau biyu, abokina ya kau da kai yana gyara abin da bai lalace ba, na kuwa gode masa. Azahar a zaune na yi ta da taimama a kan wani dutse da na tsinto a tasha, ina idarwa ba da jimawa ba la'asar ta shigo.

Ina cikin lissafin yatsun ƙafata nawa nake ji, sai sandar da ke lanƙwashe ta miƙe zumbur. Ya daka min tsawa in ɗauka. Zare ya fara tsere yana ƙara, na ja, ya ce kada in ja, in bar shi ya gudu. Wannan ya saɓa wa duk abin da aka koya min ina yaro. Sau uku kifin ya zo kusa da jirgi, sau uku yana komawa ƙasa. Da muka ɗago shi da ragar hannu, sai ga shi kamar azurfa, baya da ɗigo-ɗigon baƙi, dasashinsa baƙi ƙirin. Kilo 7.

Abokina ya shafa bayansa kusa da wutsiya, ya nuna min gurbin wani ɗan ƙaramin fiffike da babu. Alama ce ta cewa a gidan ƙyanƙyasa aka haife shi, aka yanke fiffiken tun yana ɗan tsako. Yawancin sarakunan hunturu na nan baƙi ne, daga kogunan Kanada da na yammacin Amurka suke zuwa kiwo, su yi ƙiba, in sun girma su koma kogin da aka haife su, su yi ƙwai su mutu. Na daɗe ina kallonsa. Shekara huɗu ke nan rabona da gida.

Ƙarfe 4 da 'yan mintoci rana ta faɗi. Da dare na kira kawuna, gari ya waye musu, na tura masa hoton.

"Sauran fa?"

"Shi ke nan, Kawu."

"Ku biyu, da inji, wuni guda?"

Na ce ranka ya daɗe, wunin awa shida ne. Ya yi shiru, sannan ya ce in na tashi dawowa kada in nuna wa kowa hoton a bakin kogi.