Aikin Furodusa a Bayan Kyamara

Mutane da yawa idan suka kalli bidiyon waƙa a YouTube, mawaƙi da darakta kawai suke yabawa, alhali akwai wanda ya sha ɗawainiyar aikin tun kafin a kunna kyamara, wato furodusa. Kalmar kan rikita mutane a Kano, domin ana kiran mai haɗa kiɗa a sutudiyo da wannan suna, amma ina magana ne a kan wanda yake riƙe da kuɗi da tsarin ɗaukar.

Shi ne yake zama da mawaƙi su ƙayyade abin da za a kashe, ya nemo darakta da mai ɗaukar hoto, ya kama wuri, ya daidaita da 'yan rawa da telan da zai ɗinka musu anko. Tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, kula da sutura da irin rawar da za a taka ya zama ƙarin nauyi a wuyansa.

Na taɓa halartar wata ɗauka a bayan gari, inda janareta ya mutu bayan la'asar, hasken da darakta yake jira yana shirin wucewa. Kowa ya zuba wa furodusa ido. Ya hau babur ya ɗauko wani janareta na haya, ya dawo da galan ɗin fetur, sannan ya koma gefe yana lissafin ko abin da ya rage zai isa biyan mai tace hoto, wato editan bidiyon.