Kahin ka sayi kat-kat don jan rimorki, ji yadda ni na ƙone hannu sau biyu

Shekaranjiya da dare ƙanen matata ya turo mini hoton wata 'yar kat-kat, motar nan mai ja da taya huɗu, a WhatsApp, fara tas, ya rubuta a ƙasa wai "Yaya ga ta nan, ba ta shan mai ko kaɗan, kuma har da ƙarfen jan rimorki a bayanta". So yake ya riƙa shiga ƙauyukan Aguié da Tchadoua yana ɗauko aya da wake. Ina ganin hoton sai na ji dariya ta kama ni, don wallahi kalmomin da ya rubuta su ne sak waɗanda na gaya ma mahaifina a 2018 lokacin da nake neman ya cika mini kuɗi. To na ce bari in rubuta a nan gaba ɗaya, shi ya karanta, ku ma samarin da ke tara 'yan kuɗinku ku karanta.

Tawa motar ta farko daga Kwatano anka kawo ta, ta Turai ce, mai isansi, injinta lita 2. Ba zan faɗi sunanta ba don laifin ba nata ba ne, nawa ne. Abin da ya ruɗe ni shi ne wannan ƙwallon ƙarfen da ke ƙasan bamba ta baya. Na ɗauka duk motar da anka sa ma shi to an yi ta ne don jan kaya ko nawa ne. Ashe su Turawa, mutanen Holan da Jamus da Ingila, suna sa shi ne don jan ɗakin kwana mai taya da suke kira karaban in za su tahi hutu, wasu ma kekuna kawai suke ɗorawa a kai. Kuma su bisa kwalta suke tahiya, ɗakin yana da birkinshi, an auna nauyinshi an rubuta. Ni kuwa maƙerin walda na ba aiki a nan cikin garin Maradi ya haɗa mini rimorki da gatarin wata tsohuwar mota, ba birki ba komai, ita kaɗai ba kaya ta kai kilo 350.

Tahiyata ta uku ce ta tona asirin. Wani ƙauye ne bayan Kornaka, na sayi hatsi buhu 12 na kilo 100, munka lafta su duka a rimorki, ina ta murna na ci riba. Kilomita kamar 7 ne na rairai kahin a hau babbar hanya. Da munka shiga wani kwari sai motar ta fara nishi, ni kuma na riƙe ambiriyaji rabi-rabi ina taka mai, ina jin injin yana ihu amma taya ba ta gaba. Can sai wani wari ya taso, irin warin gashin akuya in ana babbaka, yaron da ke tare da ni ya ce Alhaji hayaƙi fa daga ƙasa. Na saki ƙafa na sake takawa, shiru, bitesi na shiga amma mota ko motsi. Amalanken shanu biyu sunka kwashe hatsin zuwa bakin hanya, mai amalanken yana tafe yana ce ma shanun nashi ku yi haƙuri yau kat-kat kuke taimako. A ƙauyen na kwana bisa tabarmar wani bawan Allah, da sahe wata mota ta ja ni.

Makanisen da ya gyara ta dattijo ne, tun zamanin da motocin gujiya ke cika Maradi yake aikin. Bai yi mini faɗa ba. Buɗe ƙofar direba ya yi ya nuna mini wani ɗan allo a jikin ginshiƙin, ya ce ɗana karanta mini. Lambobi huɗu ne jere. Ya ce na farko nauyin motar in an cika ta iyakar abin da anka yarda, na biyu nauyin mota da rimorki a haɗe, biyun ƙasa kuma na gatarin gaba da na baya. A tawa na farko 1,900, na biyu 3,400. Ya ce cire, na cire, saura 1,500. Ya ce to wannan in rimorkin tana da birki ke nan, in ba ta da shi ko wace irin mota ce ta Turai ba a wuce kilo 750, kuma da nauyin rimorkin a ciki. Na yi lissahi a zuci, 750 a cire 350, buhu 4 kacal ya kamata in ɗora. Ni kuwa kilo 1,550 na ja cikin rairai. Ya ce ka gode Allah ambiriyaji ya mutu kahin ka hau kwalta, da jaki ya gitta maka kana gudun 80 da ba wannan maganar muke ba.

Allon nan duk motar da za ku saya ku neme shi, wasu a ƙofa yake wasu a ɗakin inji. Minti ɗaya ne. Masu jan karaban a Ingila ma suna da wata shawara da suke ba sabon shiga, wai kada abin da ake ja da kayanshi ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya, don in abin da ke baya ya hi motar nauyi to shi ne zai koma direba.

Sai kuma maganar kat-kat ɗin kanta, don sunan nan yana cutar mutane. Akwai wadda tayoyinta huɗu ke ja amma jikinta na ƙaramar mota ne, an ɗaga ta sama kawai. Akwai kuma mai shasi, mai ƙaramin sandan bitesi na biyu da anka rubuta ma H2, H4, L4, wato H2 taya biyu ke ja, H4 da L4 kuma duka huɗun. Wannan L4 ɗin shi ne maganin rairai, yana sa taya ta juya sannu-sannu da ƙarhi ninki biyu ko sama, ka saki ambiriyaji gaba ɗaya mota na rarrafe da kayanta awa kunkuru. Tawa ba ta da shi, shi ya sa na riƙa yin aikinshi da ƙafata har na toya faifan ambiriyajin. In ƙauye za ka shiga da kaya a baya kuma motar ba L4, ka bar ma masu kai yara lakwal.

Da ku ce daga nan na yi hankali. Ina! Haushi ya sa a 2020 na sayar da ita na ɗauko uwar kat-kat, silinda 6, lita 4.5, ita ma isansi. Ƙarhi kam ba magana, buhu 15 take ja ba ka ma san akwai wani abu a baya ba. Abokaina sunka ce wannan rijiya ce ba mota ba, na ce me za a yi da tsoron mai a Maradi, ga Jibiya nan kusa, ga ruwa-ruwa, man Najeriya na sumoga, a kowace kwana cikin kwalabe da bido, da arha hiye da na gidan mai. Haka na yi ta yi shekara uku ban taɓa auna abin da take sha ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya hau mulki a Najeriya ya ce tallahin mai ya ƙare, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 a can, 'yan ruwa-ruwa sunka fara naɗe teburansu, kowa ya koma layin gidan mai yana jiran na matatar SORAZ. Matatar nan ta Damagaram tun 2011 take aiki, ganga 20,000 a rana anka gina ta ta tace, da can man Najeriya ne ke rufa mata baya a wannan yankin namu. Sannan ne na cika tanki na rubuta lambar kilomita, na je Dakoro na dawo na sake cikawa. Lita 62 da ɗoriya a kilomita 250. Na zauna cikin motar a gidan man har mai famfo ya ce Alhaji lahiya, akwai mutane a bayanka.

Sayar da ita ma sai da na sha wuya, don lokacin kowa gudun irinta yake, ga iyakar Benin an rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, motocin da nake son musanyawa da su sun yi tsada. Na yi asara, ba sai na faɗi nawa ba matata na karantawa.

Yanzu tsohuwar fikof mai gazuwal nake da ita, da rimorki ta Turai da na samu hannu na biyu, irin mai birkin da ke kama kanshi in ta turo motar daga baya. Buhu 5 a bayan fikof, 10 a rimorki. Bari mu yi lissahin da farashin da gwamnati ta sa a Yulin 2024, isansi sefa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma 618. Zuwa Dakoro da dawowa, ƙaramar motata ta farko tana shan kamar lita 40 in tana ja, don ƙaramin inji in ya ji kaya a bitesi na uku yake wuni yana kuka, jikka 20 ke nan, kuma bayan gyara ban sake wuce buhu 6 ba don tsoro, kowane buhu ya ci sefa 3,300 na mai. Babbar, jikka 31 a buhu 15, sefa 2,000 da 'yan kai. Fikof ɗin lita 35, jikka 21 da 600, a buhu 15, bai kai 1,500 ba. Kun ga wadda na saya don ba ta shan mai ita ce ta hi duka cin kuɗina, har ta hi rijiyar. Mai jan kaya a kan buhu yake lissahin mai, dillali kuwa lissahin mota ba kaya yake gaya maka, bisa kwalta, shi kaɗai a ciki.

Dalilin gazuwal shi ne ƙarhin jan nashi tun inji yana ƙasa yake zuwa, ba sai ka taka shi ya yi ihu ba. Amma shi ma iri-iri ne. Tsoffin irin su 1HZ na Land Cruiser mai lita 4.2, wanda ya hito tun 1990, ko 3L da 5L na Hilux, ba su da gudu, a hawa sai ka yi haƙuri, amma duk garejin da ka tsaya daga nan har Tanout an san cikinsu kuma kayan gyara na nan. Sababbin masu kwamfuta, irin D-4D, sun hi ƙarhi sun hi tattali, sababbin Hilux na Turai ma an rubuta musu har kilo 3,500 da rimorki mai birki, sai dai allurorin man nasu ba su yafe ruwa ko ƙura, gazuwal ɗin bido guda mara kyau zai iya sa ka sayar da rago uku. Waɗanda sunka hito Turai daga wajen 2011 zuwa yau kuma suna da matacin hayaƙi a bututun baya, in ya toshe mota ta rage ƙarhi da kanta. In irinsu ka saya, gidan mai kawai, kuma ka riƙa canza matacin gazuwal kahin lokacinshi. In mai bitesin otomatik ce ka tambaya ko tana da abin sanyaya man bitesi, don zahin watan Afrilu na nan da kaya a baya dafa shi yake yi.

Sauran man kuma ƙafarka ce ke shan shi. Iska na ƙara turjiya ninki bisa ninki, daga gudun 80 zuwa 100 turjiyar ta ƙaru da sama da rabi, balle ka jibga buhuna sunka hi rufin mota tsawo lokacin hunturu iska na bugo ka ta gaba. Ni 75 zuwa 80 nake yi, masu Hiace su wuce ni su yi ta oda. Da ka hau kwalta ka koma H2, in tayoyin gaba masu makulli ne ka sauka ka kwance su, barin H4 bisa kwalta mai yake ci taya yake ci, a kwana kuma za ka ji mota na ƙwaƙƙwafewa. A rairai ana rage iskar taya, amma ka yi yawo da famfo ka mayar da ita a bakin hanya, taya mai laushi da kaya bisa kwalta mai zahi fashewa take.

Lodin ma sai da ya kusa kashe ni sau ɗaya kusa da Tibiri. Yara sunka tara buhunan a bayan rimorki don sauƙin saukewa, ban duba ba. Wata babbar mota ta wuce mu, sai na ji bayan motar na kaɗawa hagu da dama, kowane kaɗi ya hi na baya, ina kallon rimorkin a madubi tana leƙowa nan tana leƙowa can. Allah ya sa na tuna maganar dattijon nan, ban taka birki ba, na ɗaga ƙafa daga mai na riƙe sitiyari miƙe har ta lafa. Nauyi gaban gatari ake sa mahi yawanshi, kamar kashi 60, bakin rimorkin ya ɗan danna ƙwallon, in ka ga mutum guda na ɗaga bakin da yatsa biyu alhali an cika ta to a sauke a sake.

Shi ƙanen matar tawa na kira shi jiya na ce ya aiko mini hoton allon ƙofar, ya kuma gaya mini buhu nawa yake son ɗaukowa a tahiya guda. Ya ce 14. Da na cire lambobin allon saura kilo 1,400, shi ma sai da rimorki mai birki, rimorkin da ya yi ciniki kuma ta walda ce ba birki. Ya ce amma Yaya, ai na riga na ba da kafin alƙalami jikka 200. Asabar za mu je wajen dillalin tare, mu gani ko zai yarda a juya kuɗin bisa wata fikof da na hango a bayan filin.